Lamba Sha Bakwai

Da na ajiye alli na dawo garinmu, can gefen hanyar da ta fita daga Illela ta nufi Tajaye, zaman gindin itacen bedi ya gagare ni. Mutumin da ya saba tsayawa gaban allo yana ba da umarni, in ka zaunar da shi ana hirar awaki daga safe har azahar, ciwo zai kama shi. Sai na shiga bin gidaje ina roƙon abin da aka yar: wasakin fata da bokitin roba ya kora, akushi, tandu, mazari, zuga-zugin maƙeri, da wani kwari da baka da gara ta fara ci. Mutane suka ce Mushe ya bar lakwal ya kama aikin bola. Mushe ake ce wa kowane malamin boko a wajenmu, lakwal kuma makarantar boko, wannan bai taɓa damuna ba. Maganar bolar ce ta ɗan sosa ni.

Aka bar mini wani tsohon aji da aka daina karatu a ciki. Na jera kayana, na yanka kwali, na rubuta wa kowane abu bayaninsa da Faransanci mai kyau, har ina ja masa layi da jan biro. Na raɗa wa wurin gidan tarihi, gari ya raɗa masa ɗakin tarkacen Mushe, kuma sunan gari ne ya zauna. Mai shigowa ya dubi kwali, ya dube ni, ya fita. Na daɗe kafin in gane wautata: mutanen da ba su karanta boko nake yi wa bayanin kayan kakanninsu, da harshen da kakannin ma ba su ji.

Wata shekara ma'aikatan wata ƙungiya suka ratso ta garin, suka ga ɗakin, suka bar mini ƙananan salula guda biyar masu madannai, kowace da memorinta, da ɗan farantin sola na caji. Dabarar ba wuya. A rubuta wa kowane abu lamba da fenti, a ɗauki bayaninsa a murya, a sa a memori da wannan lambar. Mai ziyara ya zaɓi lamba ya kara waya a kunne. Lamba kuwa ko tsohuwar da ba ta taɓa taka lakwal ba ta san ta, tunda da ita take kiran ɗanta da ya tafi cin rani. Su ma'aikatan so suka yi in karanta kwalayena da Hausa. Na ƙi. Na ce mai abu shi zai faɗi abinsa da bakinsa: maƙeri ya yi maganar zuga-zugi, maharbi ya yi ta baka. Wannan shawara tawa ce ni kaɗai, kuma na yi taƙama da ita fiye da kima.

Abin ya karɓu. Tsofaffi suka riƙa zuwa don su ji muryar kansu, su yi ta dariya suna rantsuwa ba haka suke magana ba. Wanda ya ce mini mai bola shi ne ya kawo mini galmar ubansa, ya zauna ya yi mata kirari har memori ya kusa cika.

Cikin wannan marmari ne mahaifiyar limamin unguwarmu ta zo. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, gajera, tana ɗan ja da ƙafar hagu. Mijinta, wani mai haƙar rijiya da ya daɗe da rasuwa, shi ya zo da ita daga arewa tun ina yaro, kuma ba wanda ya taɓa tambayar arewa ina. Ɗansu guda ne namiji. Ya yi karatu a Konni da ƙetaren iyaka, ya dawo da karatu mai daɗi da haƙuri mai yawa, unguwa ta miƙa masa limancin masallacinmu na salloli biyar. Ba albashi a ciki, ba rawani. Amma shi ne dukan abin da yake da shi a garin, don gonarsu ba ta kai ta kawo ba. Da wannan tsayuwa gaban sahu ake gaishe shi, da ita ake kiransa raɗin suna da sulhun ma'aurata.

Ta zo da hantsi, lokacin da maza suna gona, da ƙwarya a ka. Ta sauke, ta ɗage faifai, ta warware wani tsumma. Zobe ne na tagulla mai kaurin gaske, irin na sa wa a ƙafa, ya yi baƙi-baƙi don daɗewa. Da na ɗaga shi sai da hannuna ya yi ƙasa. Murna ta kama ni, don ba ni da kayan adon mata ko ɗaya. Kafin ta gama zama na yanki kwali na rubuta, na ba shi lamba sha bakwai.

Ta ce, "Mushe, mi kar rubuta?"

Na ce, "Munduwa, Inna. Adon matan da."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ni nake yi wa ɗalibin da ya ba da amsa da ƙarfi alhali bai san komai ba. Ta ce, "Ba munduwa ba ta. Mari na." Ta ɗan ja zanenta sama. A idon sawunta na hagu akwai wani tabo da ya zagaye ƙafar, fatar wurin ta yi sulɓi ta lotsa. Shekaru nawa ina sayen daddawa a gabanta, ban taɓa duban ƙasa ba.

Baiwa aka haife ta, a wani gida can arewa da ba ta faɗi sunansa ba. Tun tana ƙarama aka ɗaura mata wannan ƙarfen, don duk wanda ya gan ta a bakin rijiya ya san matsayinta, kuma don in ta ce za ta gudu nauyinsa ya riƙe ta. Mai haƙar rijiyar nan ya je aiki yankinsu, ya fito da ita, wani maƙeri a hanya ya buɗe ƙarfen. Ta rasa dalilin da ya hana ta jefa shi a rijiya. Ta ɓoye shi a ƙasan tukunya, ko ɗanta bai taɓa gani ba. Yanzu tsufa ya zo, tsoronta kada ta faɗi ta mutu, mata su shiga ɗakinta rabon tarkace su ci karo da shi.

Na ce to sai in ajiye shi ba tare da bayani ba. Ta ce a'a. Tana son ta faɗa sau ɗaya kafin ta tafi, a wurin da maganar za ta zauna. "Amma baƙi ɗai za ka ba su jiya, Mushe. Waɗanda ba su san ni ba. Ɗiyana shina gaban mutane, ka san garin ga."

Na san garin. Na san cewa a wajenmu ana iya cin tuwo da mutum shekara arba'in, ranar da aka ji asalinsa na bauta ne, a ce ba ya jan salla, ba a ba shi 'ya. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, malamai da yawa ma sun ce ba haka addini ya ce ba, amma ana yi. Duk da haka na danna maɓallin ɗauka. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ba za a sa suna ba. Haka muka saba a aikin takarda: in ka soke suna, ka rufa wa mutum asiri. Ni da na girma a garin da ake gane mace da tarinta daga bayan darni, ban tsaya na tuna cewa murya ba ta da mayafi ba.

Ta yi magana kusan tsawon dafuwar shayi. Ba ta yi kuka ba. Ta faɗi yadda ƙarfen ke ɗaukar zafi da rana har ya ƙona fata, yadda take cusa tsumma a tsakani, yadda take bin awaki tana jan ƙafa. Bayan kowace 'yar magana sai ta ce, "Ka jiya ko?" kamar yadda take cewa in tana auna wa mutum daddawa.

Na yi dabarata. Salula huɗu na bar su ba lamba sha bakwai, su ne na 'yan gari. Ta biyar na ɗaura mata jan zare, ita kaɗai ke da muryar, tana aljihuna, sai baƙo ya zo nake fito da ita. Kwalin da ke cewa munduwa na bar shi yadda yake. 'Yan gari su wuce su ce matan da sun sha nauyi don kwalliya, ni kuwa in yi murmushi a ciki, ina jin kaina mai wayo.

Zan faɗi abin da ban so faɗa ba. Na ji daɗin lamba sha bakwai. Malamai daga Konni, ma'aikatan asibiti, wasu 'yan kasuwa daga ƙetare, duk wanda na miƙa wa mai jan zare sai in koma gefe ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Wasu su sauke wayar a hankali, wata mata ta zauna a ƙasa. Da wannan lambar ɗakin tarkacena ya zama gidan tarihi na gaske a idon baƙi, kuma na karɓi yabon kamar ni na ja ƙarfen a ƙafata.

Da bazara ta yi tsanani batirin solar ya kumbura ya mutu. Garinmu ba lantarki. Ranar kasuwar wani gari kusa da mu na zuba wayoyin biyar a jaka na kai wa mai caji, wani magidanci mai rumfa da janareto, wayoyi jere a gabansa kamar an shanya kifi. Ban da caji, sana'arsa ita ce zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi da wasan kwaikwayo a memori. Na san haka sarai. Na miƙa masa har da mai jan zare, ban cire memorin ba, na tafi neman albasa da hira da wani tsohon abokin aiki. Da la'asar na karɓi kayana cike da wuta, har na yi masa godiya.

Bayan kamar mako uku, ina zaune a ƙofar ɗakin da rana tsaka, sai ga wani mai amalanken jaki ya ɗauko jarkunan ruwa, wayarsa rataye a wuya tana magana da ƙarfi kamar rediyo. Na ji maƙerinmu yana bayanin zuga-zugi. Na miƙe tsaye. Kafin amalanken ya wuce bedin lakwal, maƙeri ya gama, sai na ji ɗan tari, sai na ji, "Ka jiya ko?"

Muryar tsohuwar ce. Mai amalanken ya ɗaga mini hannu ya gaishe ni, ya yi gaba da ita cikin gari.

Washegari na hau mashin ɗin kabu-kabu na je na sami mai caji, na zazzage masa duk abin da ke cikina a gaban mutane. Ya bar ni na gama. Ya ce ya saurari abin ne ya ji tarihi mai daɗi, ya kwafe duka ya riƙa ƙara wa masu zuwa kyauta, don a san aikin da nake yi. Daga nan kuma mutane suka yi ta tura wa juna ta bulutut. Sa'an nan ya ce, "To ai Mushe, na duba, babu sunan kowa ciki." Maganata ce ya maido mini ba tare da ya sani ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na hau mashin na dawo.

A gari ba wanda ya ta da maganar, kuma wannan ya fi zagi muni. Sahun masallaci ne ya fara magana. Wani dattijo ya ce gwiwarsa na ciwo, a gida zai riƙa salla. Wasu biyu suka gano cewa masallacin bakin kasuwa ya fi musu kusa, alhali da ƙafafunsu suke wuce namu. Aka yi suna a unguwa, aka kira wani malami daga wata unguwa. Liman yana zuwa yana tsayawa gaba, in ya sallame ya juyo sai ya ga sahu ɗaya da rabi inda da ake yin huɗu. A lokacin bai ji muryar ba tukuna. Kowa ya ji ban da shi, don ba mai ƙarfin halin kunna masa.

Na je wurin tsohuwar. Na same ta tana tsince kalwa a tsakar gida. Na durƙusa, ni da furfurata, na faɗa mata yadda aka yi, ban rage laifina ba. Na so ta zage ni. Ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Na ce ma baƙi, Mushe."

Na ce, "Haka kika ce, Inna."

Ta watsar da wata tsakuwa. "To ai ba ka saɓa ba. Shekara nawa ina garin ga, na yi musu wankan jego, na yi musu wankan gawa. Yanzu mata na zuwa sayen daddawa suna kallon ƙahwata. Ashe dut baƙi na."

Ranar da abin ya fashe, azahar ce. Mun taru, ladan ya ta da iƙama, liman ya taka zai shiga gaba, sai wani babban unguwa ya riƙe masa hannun riga a hankali, da murmushi. Ya ce, "Malam, ka huta yau. Ka daɗe kana wahala da mu." Ya tura ƙanensa gaba. Liman ya tsaya yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa ido a tabarma. Ina sahun farko. Na san ayar da zan ja, na san abin da ya kamata in ce, sakacina ne ya jawo duk wannan. Aka yi kabbara, na ɗaga hannu na bi ƙanen. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, tsoron kada a ce Mushe ya kawo fitina masallaci bayan wadda ya kawo gari. Wannan raka'a huɗun ita ce abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Da la'asar sakaliya liman ya zo ɗakin tarihi. Bai taɓa shigowa ba sai ranar. Wani ya faɗa masa a ƙarshe. Ya yi sallama, ya ce, "Mushe, ba ni wayag ga mai jan zare." Har zaren an sani. Na miƙa masa. Ya danna sha bakwai da kansa, ya kara a kunne, ya tsaya gaban ƙarfen ya saurara daga farko har ƙarshe bai motsa ba. Da ta ƙare ya ɗauki ƙarfen da hannu biyu, ya jinjina shi, ya daɗe yana riƙe da shi.

Ya ce, "Da ina yaro na tambaye ta tabon ga. Tac ce min igiyar guga ta." Ya mayar da shi wurinsa a hankali. Ya nuna kwalin. "Mi anka rubuta nan?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Gyara shi. Ta hwaɗi sunan abin, kai kuma ka bar ƙarya bisanai."

Na ce zan goge muryar daga wayar, in ya so ma ya tafi da ƙarfen. Ya ce in goge ta daga ina, daga wuyan masu amalanke? Ya tsaya har na yanki sabon kwali na rubuta mari, da boko da ajami. Ya karanta, ya fita, bai yi mini sallama ba.

Na yi ƙoƙari daga baya, ƙoƙarin da ba ya da amfani. Na bi dattawa gida-gida, na kawo musu maganar malamai, kowa ya ce ai shi ba ruwansa, jama'a ce. Da na nemi jama'ar nan ban same ta ba, kowa jama'a yake nunawa. Wani ma ya ce mini, cikin raha, ai ni na tona, su me suka yi.

Tsohuwar ba ta ga kaka ba. Ta daina fitowa da daddawa, ta kwanta 'yan kwanaki ana cikin noman biyu, ta cika da safe. Aka fito da makara aka ajiye a filin bayan masallaci, gari ya taru, don mutuwa ba a ƙin ta. Aka yi cirko-cirko ana duban wanda zai shiga gaba. Ɗanta ya ratsa mutane ya tsaya daidai kafaɗarta. A nan ba wanda ya isa ya riƙe masa riga, uwarsa ce. Ya yi kabbara huɗu da muryar nan tasa mai daɗi, ba ta karye ba ko sau ɗaya, muka bi shi sahu bayan sahu har bakin darnin mutane. Ban taɓa ganin jama'a mai yawa haka a bayansa ba, kuma daga ranar ba a sake tsayawa a bayansa ba.

Na zaci zai bar garin, ya bi masu cin rani ya ƙi dawowa. Bai tafi ba. Yana noma 'yar gonarsu, yana koyar da 'ya'yansa karatu a zaure. Ɗakin tarihi yana nan, an gyara solar, ƙarfen yana wurinsa da sabon kwalinsa. Na kwance jan zaren, tunda ba sauran wanda za a ɓoye wa. Baƙi suna zuwa jefi-jefi, in sun kai sha bakwai sai in fita waje in jira su.

Kowace salla yana zuwa masallacin da ya yi shekaru yana ja. Yakan tsaya a sahun ƙarshe, can ƙarshen hagu, kusa da inda ake tuɓe takalma. Ni ma na bar sahun farko na koma can, ina tsayawa a damansa, kafaɗa da kafaɗa. Bai taɓa matsawa ba, bai kuma taɓa dubana ba. In na gaishe shi a hanya yakan ɗaga hannu ya wuce. Sai in an zo ƙarshen salla ya juyo da fuskarsa dama, inda nake zaune, ya ce assalamu alaikum. Ita kaɗai ce maganar da yake yi mini tun ranar kwalin, ita ma don salla ba ta cika sai da ita.